Fita da safe, dawowa kafin magariba: jagorar yawon babur a ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela

Babur ya zama jakin wannan zamani a ƙasar Ƙonni. Shi ke ɗauko buhun albasa daga fadama zuwa bakin kwalta, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, da shi kuma ƴan kabu-kabu ke ciyar da gidajensu. Abin da ba a cika yi da shi ba shi ne a hau da niyyar zuwa ganin wani wuri don kawai a san shi. Sai ka tarar da saurayin da ya haddace kowane rami tsakanin Ƙonni da Tsarnawa, amma bai taɓa tsayawa bakin barajin Mozage ya ga inda ruwan da ke shayar da gonakin garinsu yake fitowa ba. Ya wuce Galmi ba adadi, bai san a ƙauyen Maratta da ke nan kusa aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Ra'ayin da wannan jagora ta tsaya a kai guda ne: yawon yini ɗaya a wannan yanki ba ya yin albarka sai an zaɓi wuri ɗaya tak, mai kusa, inda akwai mutumin da ya san da zuwanka. Sauran shiri duka, mai ne, taya ce, takardu ne, bayan wannan suke biyowa. Masu ganin daɗin babur shi ne a cinye hanya mai tsawo ba za su so maganar ba, sai dai ƙasar ce da kanta ta hukunta haka.

Dalili na farko yana cikin irin abin da ake zuwa gani. Wanda ya je Agadas, hasumiyar masallaci na tsaye tana jiransa ko bai yi wa kowa magana ba. Wanda ya je Damagaram zai ga fadar sarki da idonsa. Nan abin ya sha bamban. Ƙonni gari ne mai ganuwa a da, amma a watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta faɗa masa, ta hallaka jama'a masu yawan gaske, ta cinna masa wuta, makonni kaɗan bayan karon da ta yi da Sarauniya a Lugu. Abin da wuta ta bari, ruwan sama da faɗaɗar gari sun ƙarasa shi. Ita kanta iyakar da ke kudu da garin ba ta gaya wa mai wucewa labarinta: yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana kewaye mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wanda ya bar Ƙonni a rabon Ingila, sai gyare-gyaren 1904 da 1906 suka maida garin hannun Faransa domin ta samu hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Wannan tarihi duk yana nan, amma a bakin mutane yake: dattawan fada, limamai, maroƙa, da tsofaffin unguwa. Mutumin da ya zo a guje, ya ɗauki hoto da salula, ya juya, fili da ƙura kawai ya gani. Labarin baki sai an zauna ake samunsa, zaman kuwa yana cin lokaci, kuma ba inda za a samo lokacin sai an rage tsawon hanya.

Saboda haka daga ƙarshe ake fara lissafin tafiya. A watannin sanyi rana na faɗuwa a Ƙonni wajen ƙarfe shida da rabi, mai hankali kuwa yana son ya shigo gari da sauran haske sosai, wajen ƙarfe biyar. In ka tashi bakwai na safe, awa goma ke hannunka. Ware ɗaya ka ajiye saboda faci ko wata tangarɗa, kada ka sa ta cikin shirin komai. Cire lokacin azahar da la'asar da cin abinci. Abin da ya saura ka raba biyu, rabi na hanya, rabi na zama a inda ka nufa; za ka ga tuƙin da ya rage maka, zuwa da dawowa, bai wuce awa huɗu ba. A kan kwalta, ƙaramin babur mai injin 125 ɗauke da mutum biyu, gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa shi ne na lafiya. A hanyar rairayi in ka yi 20 zuwa 25 ka gode wa Allah. Kowa na iya maimaita wannan lissafi, amsar ba za ta canza ba: iyakar nisanka wajen kilomita 100 ne idan kwalta ce zalla, 40 ko ƙasa da haka idan rairayi ya yi yawa. Duk wanda ya tsara abin da ya wuce wannan ya riga ya yarda ke nan zai yi tuƙin dare, dare kuwa a babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Dogondutsi da Ƙonni ta nufi Madawa da Maraɗi na manyan motoci ne da amalanke marar fitila.

Lokacin wannan yawo daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Ruwa yana nan a tafkuna, hanyoyin ƙauye sun bushe, tsuntsayen da ke gujo wa sanyin Turai sun sauka. Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, mai babur yana bushewa bai sani ba domin iska na share masa gumi. Damina kuma ta koramu ce, za mu zo kanta. Ranar da aka tashi da hazo mai kauri a jinkirta fita har gari ya washe, ko a ɗage tafiyar gaba ɗaya. A kuma duba ranar kasuwa: Laraba ta Ƙonni, Alhamis ta Badagishiri. Hanya na cika da dabbobi da motocin kaya, gudu na raguwa, amma ba za ka rasa abokin tafiya ko mai taimako ba.

Sai batun mai masauki, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. Kwana biyu ko uku kafin tafiya ka nemo wanda ya fito daga garin da za ka, kuma a Ƙonni wannan ba abu ne mai wuya ba: ɗan kasuwa, malamin makaranta, ma'aikacin jinya, ko ɗan kabu-kabun da ke bin hanyar kullum. Ya buga waya ya sanar da wani nasa cewa baƙi na tafe ranar kaza, su nawa ne, kuma abin da ya kawo su ke nan. In kun isa, kada ku zarce wurin da kuka zo gani. Ku kashe babura nesa kaɗan da zauren maigari, ku cire hular kwano da rawani daga fuska, ku yi sallama, ku gaisa yadda ya kamata, da “Ranka ya daɗe” ga mai sarauta da “Allah gafarta Malam” ga liman, ku ajiye goro. Yaron da aka haɗa ku da shi ya raka ku a sallame shi da wani abu. Wani zai ce ai taswirar salula ta wadatar, me ya kawo wannan dogon zance. Taswira ɗigo take nunawa, ba ta san hanyar da ruwan bara ya cinye ba, ba ta san gonar da ba a ratsawa ba, kuma inda ka fi bukatarta nan layin waya yake ɗaukewa. Ban da haka, a shekarun nan baƙuwar fuska a kan babur ba abin da ake kallo da sakin jiki ba ne a ƙauye. Waya ɗaya da aka buga jiya ita ke bambanta baƙon da za a shimfiɗa wa tabarma da wanda za a kai ƙararsa wurin jandarma.

Tafiyar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce ta bin ruwa, don a nan ne kaɗai ido ke samun rabonsa ba tare da dogon bayani ba. Gandun noman rani na Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, an gina shi ne tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, hukumar ONAHA ce ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma, kuma an yi masa babban gyara da kuɗin shirin MCA na Amurka a ƴan shekarun baya. Ruwansa na Magiya ne, kwarin da ke kwaso ruwan tsaunukan Adar ya gangaro kudu har ya zube a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. An tare shi a baraji biyu, Mozage a sama, Zango a ƙasa, daga nan doguwar hanyar ruwa ta kawo shi ma'ajiyar Cerasa da ke gefen gari, a rarraba wa gonaki. Mai babur na iya bin wannan tsari a juye: ya fara da Cerasa da sassafe, ya bi ta Tsarnawa, mai nisan kamar kilomita 14, ya isa Zango ko Mozage kafin rana ta yi tsaka. Kafin ya dawo ya fahimci abin da ake nufi in manoma na kukan laka ta cike baraji, don zai ga yadda ƙasar da ruwa ya kwaso daga tuddai take kwanciya a ciki shekara bayan shekara.

A nan ne kuma rabon mai son namun daji yake, in ya yarda cewa tsuntsu ma naman daji ne. Ƙungiyar BirdLife ta sa Cerasa da Mozage cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a Nijar, ƙasar da irin waɗannan wurare ba su da yawa a jerinta. Akwai balbela da ke taruwa kwana a kan bagaruwa, akwai zalɓe, kirinjijiya, dinya, da ƙananan masu dogon baki da suka ƙetaro Sahara. Shamuwa kam kada a neme ta da sanyi, baƙuwar damina ce. Ganin tsuntsu yana da ƙa'idarsa: a isa kafin ƙarfe tara ko bayan la'asar, a kashe inji tun daga nesa a ƙarasa da ƙafa, a bar rana a bayan kai, a zauna shiru minti ashirin kafin a yanke hukuncin cewa babu komai. Masunta sun fi kowa sanin inda suke sauka, a gaishe su a tambaya. Harbi ko ɗana tarko sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma ba shi ya kawo ku ba. Wanka a baraji kuwa, duk yadda zafi ya kai, a haƙura: ruwan kwance a wuraren noman rani gidan tsargiya ne, gefen bango kuma yana da zurfin da ba a gani.

Hanya ta biyu gabas take bi, kwalta ce kusan duka. Malbaza na da nisan kamar kilomita 35 daga Ƙonni, kuma tun shekarun 1960 ake yin siminti a can. Masana ƙasa sun nuna cewa farin dutsen da ake fasawa ya samu ne a ƙarƙashin tekun da ya taɓa rufe wannan yanki shekaru miliyoyi da suka wuce, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa da ya zama dutse a cikinsa. Wurin haƙa ba dandalin kallo ba ne, ba a shiga sai da izinin masu shi, kuma a kula da manyan motocin siminti masu fitowa kan hanya. Gaba kaɗan sai Galmi, wadda albasarta ta kai sunanta kasuwannin Akara da Abijan. Daga ƙarshen sanyi zuwa bazara za ka ga ana cire ta ana jibgewa a rudu. Asibitin mishan na garin yana aiki tun 1950, abin da ya kamata kowane mai bin wannan hanya ya riƙe a ransa. Amma maƙasudin tafiyar Maratta ce. Kakannin Shehu Usmanu, Toronkawa da suka taso daga Futa Toro ƙarƙashin Musa Jakollo, a ƙasar Ƙonni suka fara zama tsawon zuriya da dama. Daga baya gidansu ya koma Maratta, inda aka haifi Shehu a Disambar 1754, kafin a tashi zuwa Degel inda ya girma. Wato daular da aka kafa a Sakkwato tana da saiwa a wannan ɓangare na iyaka. Kada a je da tsammanin gini mai ƙayatarwa. A je a ga wurin, a ji abin da mutanensa suka riƙe, a gwada shi da abin da littattafai suka ce. Hanyar shiga daga kwalta kuwa mutanen Galmi za a tambaya.

Illelar Adar ita ce ƙarshen abin da yini ɗaya zai iya ɗauka, kuma kada a rikita ta da Illelar Amarawa ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni. Daga Tsarnawa a ɗauki hanyar Tawa, a wuce Gidan Idar, a kai Badagishiri, a karkata yamma; jimilla kusan kilomita 100. Nan ne mazaunin Sarkin Adar, sarautar da ke komawa ga Agabba ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Kabi da yaƙi a 1674 ya fitar da Adar daga hannunta, sannan da ya rasa gadon Agadas a 1721 ya dawo ya kafa mulkinsa a Adar. Wanda ya iya faransanci ya duba littafin Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, zai san irin tambayar da zai yi a fada, inda ba a zuwa sai an aika tun da wuri an kuma samu mai shigar da baƙo. Akwai wani abin kallo a hanyar da yawancin masu wucewa ba su lura da shi. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka a zuba taki, suka dawo suka inganta irin waɗannan ramuka da ake kira tassa, har ƙasar da aka yi wa kallon matacciya ta koma ba da hatsi, masu bincike daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa gani. Ramukan tassa, da rabin-wata, da jerin duwatsun da ke tare ruwa a kan tudu, su ma tarihi ne, na jiya-jiya, kuma masu shi suna raye za su yi maka bayani. Wanda ya zaɓi Illela ya bar Mozage da Galmi sai wani mako.

A nan mai ƙorafi zai ce an tauye shi: ina tafkin Ɗan Dutsi da na Tabalak, waɗanda aka sa cikin jerin Ramsar a 2005, ina raƙuman dawa na Kure, ina gandun Gadabeji, ina Hubbare a Sakkwato? Duk sun cancanci ziyara, amma lissafin awa huɗu ya fitar da su. Kure ta wuce kilomita 300. Tabalak na bayan Tawa. Gadabeji na can ƙasar Dakoro. Ɗan Dutsi ta ɓangaren Bagaruwa take, hanyar daji ce, a yankin da tsaronsa ba na sakaci ba ne. Kalmalo da Sakkwato suna kusa, sai dai akwai iyaka a tsakani, wadda aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ƙetare ta da babur na nufin duwan da takardu da jira, abin da ke iya cinye rabin yini. Waɗannan tafiye-tafiye na kwana ne, shirinsu daban.

Shirin babur jiya ake yinsa, ba da safen tafiya ba. A duba baƙin mai, in lokacin juye ya kusa a yi shi. A wanke matatar iska, don ƙurar hunturu na toshe ta har inji ya riƙa shan mai yana kasa jan kaya. Sarƙa ta zama tana da sassauci kamar faɗin yatsu biyu, a sa mata mai. A gwada birkin gaba da na baya, da fitila, da oda. Tayar da ta suɗe a canza ta, don ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa raga mata. A jaka a sa tiyub sabo, kayan faci, famfon hannu, ƙarfen cire taya, buji, wayar kuloci, sufana da filaya, kuma a cikin tawagar a samu mutum ɗaya da ya taɓa cire tayar baya da hannunsa. Kayan aiki a hannun wanda bai iya ba nauyi ne kawai. Ƙaramin babur na shan kamar lita uku a kilomita 100 na kwalta, rairayi na ƙara masa sosai, don haka a cika tanki a gidan mai kuma a lissafa za a dawo da sulusinsa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 ba a dogara da kwalabar ƴan ruwa-ruwa kamar da. In dole ta sa aka saya, a tace da ƙyalle mai tsabta. Kowane mutum ya ɗauki ruwan sha lita uku zuwa huɗu, da ƙullin gishiri da sukari, da bandeji. Salula ta cika da caji, a kuma bar wa wani a gida sunan garin da aka nufa da lokacin dawowa.

A kan kwalta haɗarin daga wasu yake zuwa. Babbar mota in ta wuce tana jan iska mai ture babur, don haka a rage gudu a matsa gefe tun kafin ta iso, kuma kada a sha gabanta inda ba a hango gaba. A bakin kowane ƙauye a ɗauka akwai akuya ko yaro da zai faɗo. A rairayi kuwa haɗarin daga hannunka yake. A sa giya ta biyu, a riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi, a maida nauyin jiki baya, a sassauta riƙon kan babur ya nemi hanyarsa, a manta da birkin gaba. Rage iskar taya kaɗan na taimakawa, da sharaɗin a maida ta da an hau kwalta. Inda rairayin ya yi zurfi, na baya ya sauka ya taka, ba abin kunya ba ne. Wanda ya kuskura ya fita da damina ya san cewa ana iya yin ruwa a tsaunuka can nesa, korama ta kawo a inda ko gajimare babu. Ruwa mai gudu ba a gwada shi da babur ko da bai kai gwiwa ba. Sai hular kwano, wadda ake ƙi da hujjar zafi da ta nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, na rauni a ka da kusan kashi 70. Kuma wadda ba a ɗaure igiyarta ba tana tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Na baya ma kansa ba na ƙarfe ba ne. In an yi haɗari kada a ja wanda ya bugu a wuya ko baya, a kira 18 ko 17, a nufi asibiti mafi kusa, na Ƙonni, Galmi ko Illela.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsaro, kuma ba za a kawar da shi da fatar baki ba. Babur ya zama abin hawan ƴan bindiga a Sahel, shi ya sa aka hana hawansa a Difa a 2015, aka kuma hana a sassan Tilaberi a 2020. A nan jihar Tawa, maharan da suka kashe mutum sama da 130 a ƙauyukan Tiliya a Maris 2021 a kan babura suka zo. Waɗanda ake kira Lakurawa sun addabi yankunan iyaka, bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Benin kuma ya ratsa ta ƙasar Ƙonni, sojoji na gadinsa. Mai cewa a zauna gida yana da hujja. Amma in aka duba, duk abin da wannan hali yake bukata shi ne abin da aka riga aka faɗa: tafiya gajera, da rana, a kan hanyar da jama'a ke bi, zuwa wurin da aka san da zuwanka. Abin da za a ƙara kaɗan ne. Ranar jajibiri a tambayi jandarma ko ofishin magajin gari ko akwai dokar hana babur ko ta taƙaita zirga-zirga a inda za a, domin irin wannan doka na canzawa. In an ce a'a, ko mai masauki ya ce a dakata, an fasa ke nan, babu gardama. Babura biyu ko uku sun isa, ayarin goma na iya tayar da ƙauye guda. Katin ɗan ƙasa, lasin tuƙi, takardar mallakar babur, asiransi da lamba su kasance cikakku. A shingen jami'an tsaro a rage gudu tun daga nesa, a buɗe fuska. Kada a ɗauki hoton soja, ko bututu, ko masana'anta, a baraji ma a tambayi mai gadi tukuna. Hanyoyin daji na yamma da arewa maso yamma a bar su sai hali ya gyaru.

Akwai wuri ɗaya da ƙorafinsa na addini ne. Masalata, ƴan kilomita kaɗan daga Ƙonni, ita ce cibiyar Arnan da suka riƙe al'adun kakanni, kuma a can ake yin Arwa kowace shekara, inda manyansu ke faɗin abin da suke ganin shekara za ta zo da shi na ruwa da amfanin gona da cuta. Wasu na ganin bai dace Musulmi ya taka can ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, ba a rasa wuraren zuwa ba. Amma sanin yadda mutanen ƙasar nan suka rayu kafin jihadi da bayansa ilimi ne, kuma ba a fahimtar abin da Shehu ya yi wa'azi a kansa in ba a san abin da ya tarar ba. Wanda zai je ya je a ranar da ba ta biki ba, ya gaida dattawa kamar yadda zai gaida na kowane gari, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, kada ya ɗaga salula sai an yarda, kada kuma ya je da izgili ko da niyyar jayayya. Maƙwabta ne, kasuwa ɗaya ake ci da su.

Kuɗin irin wannan fita bai wuce na mai lita biyar ko shida, da goro, da abincin rana ba, kuma ana iya raba shi tsakanin mutum biyu. Fadar samari ko malaman makarantar da ke son gwadawa su fara da Cerasa da Zango a wata Asabar ta Disamba: su nemo mai masauki tun Laraba a kasuwa, su kai babura wurin bakanike ranar Alhamis, su tambayi jandarma ranar Juma'a, su tashi ƙarfe bakwai, ƙarfe biyar ta same su a cikin gari.